An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan uwana mata, duk wadda ta kalli Batman & Robin, fim ɗin Amurka na 1997, ta san masu sharhi ba su yi masa ƙage ba da suka ce shirme ne. Shi ne na huɗu a jerin, shi kuma ya kashe kasuwar, don sai 2005 aka sake yin wani babban fim na Batman.

Abin da ya fi ba ni takaici, akwai labari a ciki aka watsar. Arnold Schwarzenegger, Kwamandon nan da kuka sani, ya fito a mijin da matarsa ke fama da mugun ciwo. Ya daskarar da ita don kada ta mutu kafin ya samo magani, har ya koma satar lu'ulu'u. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni littafi na ɗaya da na biyu da na uku! Amma aka mayar da shi ɗan barkwanci, don hankalin kamfanin Warner yana kan sayar wa yara kayan wasa. Daga baya darakta Joel Schumacher da bakinsa ya ba masu kallo haƙuri.

Inda na raba gari da wasu 'yan jaridar shi ne kan Alicia Silverstone, 'yar shekara 20 da ta fito a Batgirl. Suka bar aikinta suka koma kan jikinta, wai ta yi ƙiba. Haba jama'a, ita ta tsara labarin? Wanda ya rubuta shi, Akiva Goldsman, babu wanda ya auna cikinsa. A 2002 ma kyautar Oscar ya karɓa a kan wani fim ɗin.