Tabi'i a Ciniki: Abin da Ke Bin Kaya Ba Tare da an Ambace Shi ba

Tabi'i, jam'insa tawabi'u, kalmar Larabci ce da ta shigo bakin malamai da alƙalan ƙasar Hausa ta hanyar littattafan fiƙihu. Asalin ma'anarta mabiyi, daga nan ne ma aka sami sunan Tabi'ai, waɗanda suka biyo bayan Sahabbai. A babin ciniki kuwa, tabi'i shi ne duk abin da ke shiga hannun mai saye saboda yana haɗe da abin da ya saya, ko da ba a ambaci sunansa ba lokacin da aka yi sallama.

Hausar yau da kullum tana da kalmomin da ke kewaya wannan ma'ana. Akwai kaya, kamar a kayan doki: sirdi da linzami da likkafa da majanyi da jalala. Akwai tarkace, wanda ya fi karkata ga ƙananan abubuwa marasa daraja. Kishiyarsu ita ce tsura, wadda asalinta wuƙa ce ko takobi maras ƙota, sannan ta zama sunan duk abin da aka bayar shi kaɗai, har mai sayar da waya yakan ce tsurarta zai sayar, ba caja ba kwali. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke yanke hukunci. Cewa sirdi kayan doki ne bai nuna wanda ya sayi doki ya sayi sirdi ba. Gyara ma daban take, domin ita ƙari ce da mai kaya ke yi don ganin damarsa, shi kuwa tabi'i haƙƙi ne da mai saye zai iya nema a gaban alƙali.

Tushen hukuncin yana cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce wanda ya sayar da itacen dabino bayan an riga an sanya wa furensa garin namijin dabino, 'ya'yan wannan shekara na mai sayarwa ne, sai fa idan mai saye ya gindaya sharaɗin a bar masa. Hikimar a fili take ga duk wanda ya san noman dabino a Dutse ko a kwazazzaban Azbin: wanda ya hau itacen ya yi wahalar haɗa furen, guminsa ya riga ya shiga amfanin. Malikawa suka fahimci cewa kafin wannan aiki, 'ya'yan suna bin itacen zuwa ga mai saye. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta faɗaɗa hukuncin zuwa shuka, inda ta ɗauki tsirowa daga ƙasa a matsayin iyaka. Saboda haka irin da aka binne bai fito ba yana bin gona, geron da ya riga ya tsiro kuwa na manomin ne, in ba an yi sharaɗi ba.

Muhtasar na Halil, littafin ƙarni na 14 da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogara da shi, ya ware fasali guda ga wannan batu. Fili yana tafiya da gini da itatuwan da ke cikinsa, su ma suna tafiya da ƙasar da suke kai. Gida yana tafiya da abin da aka kafe a jikinsa, kamar ƙofa da kanta da tsanin da aka buga wa ƙusa. Misali mafi jan hankali shi ne dutsen niƙa da aka gina a ƙasa: na samansa, duk da ana iya ɗauke shi, yana bin na ƙasa, tun da ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya. Wannan ya nuna ma'aunin ya wuce mannewa kawai, ya haɗa da buƙatar da abu ke yi wa abokinsa. Dukiyar da aka binne a ƙasa kuwa ba ta bin fili, domin ba ɓangarensa ba ce.

Malaman ƙa'idoji, irin su Suyuɗi da ya rasu a 1505, sun taƙaita batun da cewa mabiyi yana ɗaukar hukuncin abin da yake bi, kuma ba a ware shi da hukunci na kansa. Ɗan da ke cikin saniya shi ne misalin da aka fi kawowa. Yana bin uwarsa, ba a sayar da shi shi kaɗai, kuma a wurin Malik mai sayarwa ba zai toge shi ba, domin cinikin biri a sama ne. Majalla, kundin dokokin Daular Usmaniyya da aka tsara tsakanin 1869 da 1876 bisa mazhabar Hanafiyya, ta sa ƙa'idar a sashe na 47, ta kuma bai wa al'adar gari babban matsayi wajen tantance abin da ciniki ya ƙunsa.

A nan ne kalmar take haɗuwa da kasuwar yau, inda rigima ta fi yawa. Al'ada ta sa wanda ya sayi mota yana sa ran safayar taya da jak, wanda ya sayi takobi ba ya ƙara kuɗin kube, mai sayen kwaɗo kuma ba ya cinikin makulli. Cinikin gida ne ya fi rikitarwa. Rijiya da ƙofofi da tayil babu gardama a kansu, janareto da kujeru ma an san na mai tashi ne. Tsakaninsu akwai fankar sama da tankin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki da faifan sola da baturansa, waɗanda aka ɗaure da noti amma ana iya kwancewa cikin awa guda, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Al'ada ba ta gama daidaita a kansu ba, shi ya sa furucin dillali cewa gida ne da komai nasa ba ya wadatarwa. A irin wannan wuri sharaɗin da aka faɗa gaban shaidu ko aka rubuta a takardar ciniki shi ne ke gaba, sai al'adar garin idan ta tabbata, sannan alƙali ya koma ga ma'aunin kafuwa da buƙata.