Makaho da Gurgun Dihli: Awon Wani Labari na Ibnu Baɗuɗa

Cikin labaran da Ibnu Baɗuɗa ya kawo a littafinsa na Rihla game da Sarkin Dihli, wato Delhi ta ƙasar Indiya, Muhammadu ɗan Tugluƙ, wanda ya yi mulki daga 1325 zuwa 1351, da wuya a sami wanda ya fi tsayawa a zuciya kamar na makaho da gurgu. Ya ce mutanen birnin sun riƙa rubuta takardun zagi suna jefawa cikin fada da dare, sai sarki ya ƙudura kashe garin. Ya sayi gidajensu, ya umarce su da ƙaura zuwa Daulatabad, can kudu, tafiyar kwana arba'in. Da wa'adi ya cika, bayinsa suka bi lungu-lungu, suka tarar da mutum biyu kaɗai: gurgu da makaho. Gurgun aka cilla shi da manjaniƙi, abin jifan da ake rushe ganuwa da shi. Makahon kuwa aka ja shi a ƙasa tun daga Dihli, jikinsa ya yi ta yankewa a hanya, ƙafarsa ɗaya ce ta isa. Daga bisani sarki ya hau soron fada da dare, ya duba bai ga wuta ko hayaƙi ba, ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta.

Masu karanta wannan labari a cikinmu sukan kasu biyu. Wasu su haɗiye shi ɗungurungum, domin mai ba da shi alƙali ne Bamalike. Wasu su watsar da shi tare da duk wani aibin sarakunan Musulmi na Indiya, su ce ƙagen Turawa ne. Duka biyun sun huta da wahalar bincike. Mu kuwa muna da dalili na musamman na kula da yadda ake auna wannan marubuci, domin shi ne dai muke dogara da shi a kan Mali ta zamanin Mansa Sulaimanu da Takadda, inda ya sauka a 1353.

Ɗalibin hadisi da isnadi yake farawa. An soma ƙaurar Daulatabad wajen 1327, wato 727 bayan Hijira. Ibnu Baɗuɗa bai iso gaɓar kogin Sindu ba sai ranar 1 ga Muharram 734, cikin Satumban 1333, ya shiga Dihli a 1334. Ke nan bai ga makahon ba, bai ga gurgun ba, kuma bai faɗi wanda ya gan su ba. Batun hawa soro ne kaɗai ya jingina wa wani, shi ma bai ambaci sunansa ba, ya dai ce wani wanda ya amince da shi ne ya gaya masa. Wannan shi ne abin da malaman musɗalahi ke kira adaltarwa a kan ibhami, kuma mafi yawansu ba su karɓe ta ba, saboda amintacce a wurinka yana iya zama abin suka a wurin waninka. Sai a ƙara da tazarar lokaci: an yi shiftar Rihla ga Ibnu Juzayyi a Fas bisa umarnin Sarki Abu Inan, aka kammala wajen 1355, kusan shekara talatin bayan aukuwar abin. Shi da kansa ya faɗa cewa wasu rubuce-rubucen da ya kwafa a Bukhara sun salwanta lokacin da 'yan fashin teku suka washe shi a gaɓar Indiya.

Za a ce ai wasu sun ƙarfafe shi. Gaskiya ne Liya'uddini Barani, mai Tarikhi Firuz Shahi, ya ce Dihli ta zama kufai har ba a bar kare ko kyanwa ba. Isami ma, a waƙaƙƙen tarihinsa Futuhus Salaɗin, ya siffanta ƙaurar da mummunar siffa. Amma a dubi su wane ne. Barani ya yi shekara goma sha bakwai yana abokin hirar sarkin, bayan rasuwarsa kuma ya faɗi ƙasa warwas, ya rubuta littafinsa a 1357 cikin talauci yana neman yardar magajinsa, Firuz Shah. Yana kuma da tsohon haushi: sarkin ya ɗaukaka mutanen da Barani ke gani marasa asali ne, ya kuma kusantar da masu falsafa. Isami kuwa yana matashi aka kwashe danginsa, kakansa mai kimanin shekara casa'in ya rasu a Tilpat tun ba a yi nisa da Dihli ba, sannan ya kammala littafinsa a 1350 a fadar Ala'uddini Bahman Shah, wanda ya yi wa ɗan Tugluƙ tawaye ya kafa daularsa a 1347. Baƙin cikin Isami na gaskiya ne, ba mai raina shi. Sai dai shaidu uku da suka fito daga aji guda, ajin malamai da manyan fada da ƙaurar ta fi shafa, ba su kai matsayin hanyoyi uku masu zaman kansu ba. Wani abin lura: Barani, duk da zafin alƙalaminsa, bai kawo makaho da gurgu ba, bai ce takardun zagi ne dalili ba. Dalilin da ya bayar shi ne garin yana tsakiyar daular, har ya yarda cewa sarki ya yi wa masu ƙaura kyauta mai yawa a hanya da bayan isarsu.

Sai matani. A nan akwai shaidun da ba su da haushin kowa. An ci gaba da buga kuɗi a Dihli a shekarun 727 da 728 da 729, kuma kuɗin tagullan da sarki ya fitar daga 730 suna kiran Dihli da Daulatabad duka biyu da sunan gadon sarauta. Rubutun Sanskirit na 1327 da 1328 da aka samu a Naraina da Sarban, ƙauyukan gefen birnin, suna nuna 'yan kasuwar Hindu suna haƙa rijiyoyi a daidai lokacin da aka ce garin ya mutu. Al'umari, mai Masalikul Absar, wanda muka sani ta labarin Mansa Musa, ya ji daga matafiya cewa daular tana da babban birni biyu. Shi kansa Ibnu Baɗuɗa, da ya ce ya tarar da garin da ƙarancin mutane, a wani wurin ya kira shi mafi girman biranen gabashin duniyar Musulunci, ya kuma zauna cikinsa shekaru yana alƙalanci a kan albashin dinari 12,000 a shekara. Abin da ya rage bayan tankaɗe shi ne an tilasta wa manya da malamai da shehunan Sufaye da iyalansu tafiyar fiye da kilomita dubu, da yawa suka mutu, kuma wajen 1335 aka ba masu son komawa izini.

Shakku a kan Ibnu Baɗuɗa ya girmi Turawan mulkin mallaka da ƙarnoni. Ibnu Khaldun ya faɗa a Muƙaddima cewa a fadar Fas an yi ta raɗe-raɗin ƙarya yake yi game da wannan sarki, musamman batun cilla wa jama'a jakunkunan dinari da dirhami da manjaniƙi. Da Ibnu Khaldun ya kai maganar ga waziri Farisu ɗan Wadrar, sai wazirin ya gargaɗe shi da misalin yaron da ya tashi a kurkuku bai taɓa ganin wata dabba ba sai ɓera, ya ɗauka rago da raƙumi ma ɓeraye ne. Ma'aunin da Ibnu Khaldun ya fitar shi ne a gwada labari da abin da yake yiwuwa ga irin wannan daula da ƙarfinta. Cilla dinari ya tsallake wannan awo, domin taskar Dihli ta cika da ganimar kudu tun zamanin Ala'uddini Khalji. Jan gawa kwana arba'in don kawai a kai ƙafa, da kwashe babban birni har ya rage mutum biyu, kuma su zamo daidai makaho da gurgu, wannan ya fi kama da ƙirar labarin da mutanen da aka zalunta ke saƙawa a zaure.

Masu cewa ƙagen Turawa ne suna da ɗan abin kamawa. Elliot da Dowson, da aka buga fassararsu ta Ingilishi ta wasu daga cikin waɗannan majiyoyi a mujalladi takwas tsakanin 1867 da 1877, sun yi zaɓe mai manufa, Elliot ma bai ɓoye cewa yana son a ga fifikon mulkin Ingila ba. Amma majiyoyin na Musulmi ne, kuma ka'idar da ta kayar da labarin makaho ita ce ta tsayar da wasu da suka fi shi nauyi. Ibnu Baɗuɗa yana cikin Dihli aka kama Shehu Shihabuddini, wanda ya ƙi yi wa sarki aiki ya kuma kira shi azzalumi, aka azabtar da shi, aka sare kansa. Saboda ya taɓa ziyartar shehin, shi ma aka sa bayi huɗu su tsare shi, ya yi kwanaki yana azumi da sauke Alƙur'ani yana jiran hukunci. A nan akwai suna, akwai wuri, mai ba da labari kuma yana ciki da wuyansa. Kuma da aka nemi shehin ya faɗi zaluncin da yake nufi, cikin abubuwan da ya lissafa har da rusa Dihli da korar mutanenta.