Daren Masu Katin Shekara: Godiya Ce Ko Toshiyar Baki?

A Amurka akwai wata al'ada da manyan wuraren shaƙatawa irin su Disneyland suka ɗauko, wadda na ga ya kamata mu zauna mu yi mata kallon tsanaki. Idan dare ya yi aka sallami jama'a aka rufe ƙofa, sai a bar wasu 'yan tsiraru a ciki su ci gaba da sha'aninsu, wato masu katin shekara. Katin shekara kuwa shi ne mutum ya biya kuɗi a dunƙule, ya riƙa shiga har tsawon wata goma sha biyu ba sai ya sayi tikiti kullum ba. Kamfani na kiran irin wannan dare da sunan godiya ga abokan hulɗa na amana. To ni dai sunan nan ne ban yarda da shi ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi abin ba daɗi. Da daɗi mana! A shekarar 2018 Walt Disney World da ke jihar Fulorida ya shirya wa masu kati irin waɗannan darare, awa biyu bayan an tashi, ba ƙarin ko sisi, sai dai mutum ya yi rajista tun da wuri domin guraben ƙayyadaddu ne. Wanda ya san zafin ranar Fulorida a watan Agusta ya san darajar iskar dare. Ga fitilu sun haska ko'ina, ga jirgin nan mai hawa da gangara da kan sa mutum tsayuwar awa guda a layi da rana, yanzu minti kaɗan ka hau, ka sauko ka sake komawa. Wa zai ƙi?

Amma ka tsaya ka tambayi kanka, mene ne ainihin abin da aka ba su a daren nan? Ba a gina sabon abu ba. Jiragen nan su ne na rana, titunan su ne na rana. Abu ɗaya tak ya canza, babu mutane. Ashe kenan kyautar ita ce rashin cunkoso. Shi kuwa cunkoson nan ruwa ne da bai yi tsami banza ba.

Bari mu koma baya kaɗan. An buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955, kuɗin shiga dala 1 ga babba, sannan kowane abin hawa da nasa kuɗin daban. Haka aka tafi da 'yan littattafan tikiti har 1982, inda aka soke su aka koma biya ɗaya a bakin ƙofa. Bayan haka ba da jimawa ba katin shekara ya fito. Dabarar mai kyau ce a wancan lokaci, domin akwai ranakun da wurin kan zama fayau, ranakun aiki da lokacin makaranta, kuma mutanen gari su ne za su cike gurbin. Daga baya aka sauƙaƙa wa mazauna Kalifoniya, aka ce su riƙa biya wata-wata. Kafin annobar korona masu hasashe na ƙiyasta cewa masu katin Disneyland sun kai wajen miliyan ɗaya. Mutum ya taso daga aiki da yamma ya biya ya sha iska kamar mai zuwa dandalin unguwa. Kamfani da hannunsa ya tara jama'ar nan, ya karɓi kuɗinsu, sannan ya juyo yana kukan sun yi yawa.

Kukan kuwa har a rubuce. A rahoton kuɗi na watan Agusta 2022 kamfanin ya nuna cewa irin mutanen da ke zuwa Disneyland ba su ne masu kawo riba sosai ba, kowa kuma ya gane masu kati ake nufi. Dalili a fili yake. Baƙon da ya taho daga wata jiha ko wata ƙasa zai kama ɗaki a otal, ya ci abinci sau uku, ya saya wa yara tsaraba. Ɗan gari kuwa ya ci tuwonsa a gida (ko dai abin da suke ci), ya zo ya hau jirgi biyu ya koma.

Daga nan aka fara rage wa mai kati ranarsa. An rufe Disneyland a watan Maris 2020 saboda annoba, a Janairu 2021 aka soke tsohon tsarin katin ɗungurungum, a Agusta na shekarar aka fito da sabo mai suna Magic Key. Yanzu ko kana da kati sai ka kama gurbi ta intanet kafin ka zo. Mafi tsada a lokacin, Dream Key, dala 1,399 ne, an kuma tallata shi da cewa babu ranar da aka toshe masa. Sai masu shi suka riƙa duba kwamfuta suna ganin babu gurbi, alhali mai sayen tikitin yini guda na samu a wannan ranar. Magana ta kai kotu, a 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 9.5 a sasanta, ba tare da ya amsa laifi ba. Da aka raba, kowa ya tashi da abin da bai kai dala 70 ba. Kai jama'a! Mutumin da aka yi wa haka da rana tsaka, idan aka kira shi ƙarfe goma na dare aka ce zo mu gode maka, me sunan wannan?

Daɗin daɗawa, daren kyautar nan jefi-jefi ne. Wanda ya yawaita shi ne na kuɗi. A 2016 aka fara Disney After Hours a Magic Kingdom kan dala 149, awa uku, da askirim da lemo a ciki. A 2018 Disneyland ya fara nasa, Disneyland After Dark, har zuwa ƙarfe ɗaya na dare. Katin shekararka ba zai shigar da kai waɗannan ba, sai ka sake zura hannu a aljihu. Abin da za a yi maka bai wuce ɗan rangwame ko a bar ka ka riga wasu saye ba. Na kan ji masoya wurin suna cewa ai ciniki ne, ba wanda aka tilasta wa. Gaskiya ne, ban kuma ce haramun ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki ciniki a sa masa rigar zumunci.

Sannan akwai waɗanda ke biyan kuɗin daren nan ba tare da an tambaye su ba. A ranakun bikin Halowin da na Kirsimeti, Magic Kingdom kan sallami masu tikitin rana da ƙarfe shida na yamma, domin a ba masu munduwar biki wuri. Ka yi tunanin magidancin da ya shekara yana tari, ya kawo iyalinsa sau ɗaya a rayuwa, bai lura da jadawali ba. Magariba ba ta yi ba ana nuna masa ƙofa, wasan wutar da yara suka ƙwallafa rai a kai kuma sai dai su hango daga waje.

Ga kuma ma'aikata. Idan baƙo na ƙarshe ya fita ƙarfe ɗaya, a lokacin masu wanke tituna da masu fenti da masu duba ƙarafan jirage za su samu fili sosai, kuma dole komai ya zama tsaf kafin a buɗe da safe. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Walt Disney da kansa ya sha faɗin cewa tunanin wurin ya zo masa ne yana zaune a benci a Griffith Park, yana kallon 'ya'yansa mata biyu a kan dokin majaujawa, ya ga ya kamata a samu inda uba da 'ya'ya za su yi wasa tare. Yanzu lokacin da wurin ya fi daɗi, lokacin da ba layi ba turereniya, an kai shi tsakanin goma na dare da ƙarfe ɗaya. Ɗan shekara biyar a wannan lokaci ya daɗe da yin barci a kafaɗar uwarsa, gobe kuma akwai makaranta. Uban ma ƙarfe bakwai zai fita aiki.