Kalmar "Baƙi" a Rikicin Bulu Nayil na 2022

A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da ƙabilar Barta a jihar Bulu Nayil ta Sudan, bayan an ƙi amincewa da buƙatar Hausawa ta samun masarauta. Fiye da mutum 100 suka rasu. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne yadda rubuce-rubucen Larabci a Facebook suka riƙa kiran Hausawa baƙi.

Bahaushe kan ce baƙo raɓa ne, wato yau yana nan, gobe ya wuce. Ke nan wanda aka laƙaba wa wannan suna ba shi da haƙƙin gona, balle sarauta. Sai dai tarihi ya ƙaryata laƙabin. Garin Mai Wurno, kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903, shekaru da dama kafin Sudan ta sami 'yancin kai a 1956.

Raunin irin wannan rubutu shi ne ba ya kawo shekara ko hujja, maimaici ne kawai ƙarfinsa. Wanda kuwa ya karanta kalma sau ɗari yakan gaskata ta, har ya daina kallon maƙwabcinsa a matsayin ɗan gari.