Gidado ɗan Laima da gwanintar wazirci

Daga Madawa ko Buza ko Keita, in mutum ya bi ta Ƙonni ya ƙetare iyaka a Illela, yini guda ya ishe shi ya isa unguwar Gidadawa a Sakkwato. Unguwar ta ci sunan Gidado ɗan Laima ne, mijin Nana Asma'u, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Kafin rawanin wazirci, Gidado ya sha wuyar shekarun jihadi tare da jama'ar Shehu Usmanu, tun daga hijira zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shekaru ne na yunwa da zazzaɓi da asarar mazaje, ciki har da mahaddatan Alƙur'ani da suka kwanta dama a yaƙin Tsuntsuwa. Bagobirin Madawa, wanda kakanninsa ke ɗaya ɓangaren, yana da nasa labarin wannan yaƙi, kuma labarin ya cancanci a saurare shi. Amma ko shi ba zai raina aikin da Gidado ya yi daga baya ba.

Da Bello ya hau mulki a 1817, Gidado ya zama ƙofar Kano da Zazzau da masarautun gabas. Maganar sarakunan nan ta hannunsa take shiga wurin Sarkin Musulmi, amsa kuma ta hannunsa take fita. A nan gwanintar take. Wasiƙa ce ta Larabci za ta yi kwanaki a jakar manzo, ta isa hannun sarkin da shi ma ya ci ƙasarsa da takobi, mai dakarunsa da girman kansa. In an tsananta lafazi, ya ji an wulakanta shi. In an sassauta fiye da kima, ya ɗauka Sakkwato ba ta da ƙarfi. Waziri ne ke auna kalmar da za ta sa a bi umarni ba tare da an zubar wa kowa da mutunci ba, ya san abin da za a rubuta da abin da sai an hau doki an je an faɗa baki da baki.

A ganina filin daga ne ya koya masa wannan awo. Wanda ya san nisan rijiya da rijiya, ya san kwana nawa doki ke jurewa, ya binne abokansa da hannunsa, in ya ce wa sarki "Allah ya taimake ka, a dakata," ba mai zarginsa da tsoro. In ya ce a fita, an san ba ɗoki ke jansa ba.

Baƙi ma shi ake danƙa wa. Shi ya karɓi Baturen Birtaniya Clapperton a Sakkwato a 1824, da ya dawo a 1826 kuma ya tarar da shi tafe da runduna, don wazirci bai raba shi da sirdi ba. Bayan rasuwar Bello a 1837 ya duƙufa kan rubuta tarihin Shehu da na Bello.

Ɗansa Abdulƙadir ya gaje shi, sarautar ta zauna a gidan, har ta kai ga Waziri Junaidu, masanin tarihin da ya rasu a 1997.