Daga Dutsen Olimfus zuwa Zangon Agege

A 2005 wani malamin makaranta a Amurka, Rick Riordan, ya fitar da The Lightning Thief, na farko a jerin littattafan Percy Jackson. Labarin ya samo asali ne daga tatsuniyar dare da yake yi wa ɗansa mai fama da wahalar karatu. Dabararsa ita ce ya ciro gumakan Girkawa daga zamanin da, ya dasa su a unguwar yaron yau. Fadar Ziyus, sarkin gumakan, ta bar Dutsen Olimfus ta koma hawa na 600 na benen Empire State a New York, jarumin kuwa ɗan shekara 12 ne, uwarsa 'yar Adam, ubansa Fosaidon, gunkin teku. Yaron da ake wa kallon daƙiƙi a aji, ashe ɗan sarauta ne. Abin da ke kama zuciyar yara ke nan, ya fi faɗa da dodanni.

Aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya ya gina Magana Jari Ce, Ahmadu Ingawa kuma ya sa wa jarumin Rashawa rawani a Iliya Ɗan Maiƙarfi. Kayan aiki ma muna da su. Girkawa sun ce Kadmus baƙo ne da ya kashe macijin da ke tsare wani marmaro, ya kafa birnin Tibis. Duk wanda ya san Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura zai ji kamar labarin gida ake ba shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bori. Masu bori suna cewa birnin Jangare gida 12 ne na iskoki, kamar yadda manyan gumakan Olimfus suke 12. Sai dai Riordan ya samu sakewa ne domin bautar Ziyus ta daɗe da gushewa a cikin jama'a. Sarkin Rafi da Ɗan Galadima kuwa har gobe ana yi musu girka, kuma uba Musulmi ba zai miƙa wa ɗansa littafin da ya mai da su jarumai ba. A ganina yana da hujja. Wanda ya kwaikwayi salon ido rufe zai rasa iyayen da ke sayen littafin.

Bayajida da Gizo da Dodo ba su da wannan nauyi, kuma unguwar Agege ta Legas ta fi dacewa da su. Cinikin goro da layin dogo ne suka zaunar da Hausawa a can. Jikansu yana Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa, buroka a bakin titi, Daura kuwa sai dai a bakin kaka. Ina so in ga irin wannan yaro, ko ɗan'uwansa na Ajegunle, ya tsinci takobin Bayajida a cikin huhun goro, ya hau tirelar da ta sauke shanu ya nufi Arewa neman rijiyar.