Kallon Kyauta da Kallon Kuɗi: Sharhi a Kan Fina-finan Hausa na Waya

A hutun da ya wuce na je gida Daura, na tarar ƙannena sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon Izzar So. Ko kwabo ba su biya mai fim ba. Wannan ya sa na ga ya dace mu 'yan Ƙungiyar Hausa mu duba wannan tambaya: shin manhajojin da ake biya duk wata, irin su Netflix da Northflix, ya kamata su buɗe ƙofar kallon kyauta?

Da farko dai, kallon kyauta ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun kalli majigi a dandali ba da kuɗi ba, amma fim irin Baban Larai jan hankali ne ga noman zamani. Watau tun can, wanda ya biya kuɗin fim shi ke zaɓar abin da za a faɗa.

Haka abin yake a yau. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fara fitowa a YouTube cikin shekarar 2020, da Labarina na Aminu Saira, ana kallonsu har Sandamu da Baure da Mai'aduwa, domin ba a tambayar kowa katin banki. Wannan nasara ce ga harshen Hausa. Sai dai mai nazari zai ga illar a jikin labari. Tun da abincin mai fim daga talla yake fitowa, talla kuwa yawan kallo take bi, sai a riƙa jan zance. Rikicin da zai warware a fitowa ɗaya sai ya ci mako uku, jigo ya yi rauni, zubi ya saki. Daɗin daɗawa, mai kallo ma yana biya, don kuwa data yake saye, kuma cikin 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

To, a rufe ƙofa ke nan? Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Netflix, wanda ya gwada kallon kyauta a Kenya cikin 2021, ya janye cikin 2023. Amma waccan kyauta ba talla a cikinta, ba ta kawo masa ko sisi kai tsaye. A nan kuwa, in ka rufe ƙofa, yaro ba zai daina kallo ba. Shagon masu tura fim a waya zai nufa, ya ba da 'yan canjinsa, mai fim ya tashi a tutar babu.

A ganina, ko macijin rijiyar Kusugu yakan bar mutanen Daura su ɗebi ruwa ran Juma'a. Saboda haka a buɗe ƙofar kyauta, amma da iyaka. Tsofaffin fina-finai da kashin farko na sabon labari a bar su kyauta da 'yar talla. Sauran a biya, kuma a yarda mutum ya biya na yini ɗaya da katin waya, don talaka ba mai albashin wata ba ne. Ta haka marubuci zai sami sukunin ƙare labarinsa inda ya kamata ya ƙare.

Ina fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su tofa albarkacin bakinsu a fitowa ta gaba.